Zaɓen Berlin da maganar da ta tsaya mini a rai

"Wannan ai zaɓen Afirka ne." Haka wani abokin aikina Bajamushe ya faɗa muna shan shayi, washegarin zaɓen Berlin na 26 ga Satumban 2021. Na haɗiye, amma har yau tana yi mini ciwo.

Ranar kam an yi kwamacala. Zaɓen ya haɗu da gasar gudun fanfalaki, an toshe tituna, takardun ƙuri'a suka ƙare a wasu rumfuna, mutane na kan layi har bayan ƙarfe shida. Berlin birni ne kuma jiha ce mai majalisarta, sai kotun tsarin mulkin jihar ta soke zaɓen baki ɗaya a Nuwamban 2022.

Da aka sake shi ranar 12 ga Fabrairun 2023, na raka wata tsohuwa maƙwabciyata firamaren unguwarmu. Sanyi na ratsa ƙashi, zanen yara a bango, ma'aikata huɗu da fulas ɗin kofi a gefe. Ba ɗan sanda, ba ɗan daba, ba mai raba taliya. Minti biyar ta fito.

Jam'iyyar adawa ta CDU ta zo ta ɗaya da kashi 28. Jam'iyyar SPD mai mulki ta tsere wa jam'iyyar masu kare muhalli da ƙuri'a 53 kacal, kuma ba wanda ya ƙona taya. Franziska Giffey ta SPD, shugabar gwamnatin Berlin a lokacin, tana da kujerun majalisa da za ta zarce da tsohon ƙawancenta, amma ta bar wa Kai Wegner na CDU kujerar mulki, ta karɓi muƙamin kwamishinar tattalin arziki a ƙarƙashinsa. Don Allah, wane gwamna ne a gida zai yi haka?

'Yan siyasar nan ba waliyyai ba ne. CDU ɗin ce ta nemi a bayyana sunayen farko na waɗanda aka kama a rikicin daren sabuwar shekara, mu baƙi kuwa mun gane inda aka dosa. Amma ku tuna Kano: an yi zaɓe a Maris 2023, hankali bai kwanta ba sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci a Janairun 2024. Duk tsawon watannin nan Hajiyarmu ba ta sauke rediyo daga kunnenta ba, ni kuma ina nan riƙe da waya.

Ranar da na raka tsohuwar, a bakin ƙofa na tsaya, don ba ni da ƙuri'a a nan. A gida ma doka ba ta ba mazauna waje damar zaɓe ba. Katina na zaɓe yana cikin akwati tare da hular da Baba ya ba ni.