Bazarar Kanada wata huɗu ce, kada ta ƙare tsakanin wurin aiki da katifa

'Yan uwa ɗalibai da ke Toronto da kewaye, ga wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ana gama jarrabawa a ƙarshen Afrilu, ba a komawa aji sai farkon Satumba. Doka ta ba ɗalibin waje damar yin aiki cikakken lokaci a wannan hutu, saɓanin awa 24 a mako da aka ƙayyade lokacin karatu, don haka kowa sai ya duƙufa neman kuɗin makaranta da na haya. Ban ga laifin wannan ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya yi wata huɗu daga wurin aiki sai katifa, daga katifa sai waya, har sanyi ya dawo bai taɓa taka bakin tafki ba. Hunturun ƙasar nan dogo ne, a Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 5. Wanda bai sha iska a bazara ba shi ne zaman ɗaki ya fi gallaba a Janairu. A ware rana ɗaya a mako, ko da wuni ne kawai.

Kuɗi ba hujja ba ne. Gandun Rouge da ke gabashin birni kyauta ake shiga. Tsibiran Toronto kuwa tafiyar kamar minti 15 ce a jirgin fito. Mai son tsit ya hau na Ward's, mai son cunkoso da wasan yara ya hau na Centre, amma a sani cewa a bakin ruwan Hanlan's akwai sashen da aka yarda mutane su tuɓe tsirara, kada a kai iyali can cikin rashin sani. Jirgin ƙasa na GO yana da tikitin ƙarshen mako na dala 10 na wuni guda, ta intanet ake saye, kuma yana kaiwa har Nayagara. Laburare da yawa a Ontariyo suna ba da aron katin shiga gandayen jihar kamar yadda suke ba da littafi. Kwana a tanti ne ke buƙatar shiri tun da wuri: ana buɗe rajistar wuri wata 5 kafin ranar, shi ya sa wuraren kwana na Yuli a gandun Algonquin suke ƙarewa tun Fabrairu. Wanda ya makara ya riƙa leƙa shafin, mutane na fasawa.

Inda na fi jin tsoro shi ne ruwa. Da yawa cikinmu ba mu iya iyo ba, wasu kuma a rafi mai ɗumi suka koya. Tafkin Ontariyo daban ne. Ana iya tafka zafi a tudu a watan Yuni alhali ruwan da sauran sanyi sosai, kuma ko a tsakiyar bazara iska kan kore ruwan sama mai ɗumi, na ƙasa mai sanyi ya taso. Idan mutum ya faɗa ruwan sanyi kwatsam, jikinsa kan ja numfashi da ƙarfi ba da saninsa ba. In kansa na cikin ruwa a wannan lokacin, ruwa zai shaƙa. Gwanin iyo ma wannan kan kayar da shi. Saboda haka a shiga a hankali, a bakin ruwan da ke da masu ceto, tsakanin tutocin nan masu ja da ruwan ɗorawa. A kwalekwale a sa rigar kariya a ɗaure ta, ba a ajiye ta ƙarƙashin wurin zama ba. Bayan ruwan sama mai ƙarfi a bar wanka a tafki kwana 2, domin ƙazantar magudanan gari tana kwarara cikin tafkin. Wanda bai iya iyo ba, wannan ce damarsa: wuraren wanka na waje da hukumar birni ke kula da su kyauta ne, wasu cibiyoyin kuma suna da lokacin mata zalla.

Sai kaska. Akwai wata mai baƙaƙen ƙafafu da ke ɗauke da cutar Laim, tana nan a kudancin Ontariyo, har da Rouge ɗin da na ambata. Babbarta ba ta wuce ƙwayar riɗi ba, cizonta kuma ba ya zafi, shi ya sa ake kwana da ita ba a sani ba. Ba ta tashi, ba ta tsalle, a kan dogon ciyayi take jira. A bi tsakiyar hanya, a cusa ƙafar wando cikin safa, a sa kaya masu haske don a gan ta, a fesa maganin ƙwari mai sinadarin DEET kashi 30 ko na icaridin kashi 20. An dawo gida a yi wanka a duba hammata, bayan gwiwa, bayan kunne, ƙugu da cikin gashi. In an same ta maƙale, a kama ta da hantsaki daf da fata a ja a miƙe, a hankali. Kada a ƙona ta, kada a shafa mata mai, kada a matse cikinta, domin haka na iya sa ta amayar da abin da ke cikinta a jikin mutum. Yawanci sai ta yi awa 24 ko fiye a maƙale kafin ta sa cutar, don haka duba jiki a ranar shi ne babban magani. Ga abin da ya shafe mu musamman: jan da'irar da ake nunawa a hotuna a matsayin alamar cutar ba lallai ta fito ja a baƙar fata ba, takan zama tabo mai duhu kawai. Zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi bayan shiga daji, a je asibiti a faɗa wa likita inda aka je, kada a ɗauka maleriya ce ta tashi.

Akwai kuma tsiro mai ganye uku-uku da ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa. In ya taɓa fata a wanke nan take da sabulu da ruwan sanyi, a wanke kayan daban. A wurin kwana, abinci da man goge baki su kwana a but ɗin mota, ba cikin tanti ba, saboda beyar, wata babbar dabbar daji da ke bin ƙanshin abinci. Kada a ɗebo itacen wuta daga wani gari, a saya a can, don ƙwaron da ke kashe itatuwa ta cikin itace yake yaɗuwa. Tun bayan hayaƙin gobarar dajin 2023, duba ma'aunin kyawun iska kafin fita ya zama dole. In ya kai 7, mai asma ya haƙura.

A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a Toronto sai wajen ƙarfe 9 na dare. Wanda ya tashi aiki ƙarfe 5 yana da awa huɗu na haske: ya saka darduma da gorar ruwa a jaka, ya yi la'asar a wurin shaƙatawa na High Park, ya taka har bakin tafki kafin magariba. A ƙarshen Yunin nan ne gonakin bayan gari ke buɗe tsinkar sitiroberi, a Agusta kuma 'ya'yan itacen Nayagara ke nuna. A kira gonar kafin a tashi, domin in masu tsinka sun yi yawa ranar Asabar, sukan rufe kwana ɗaya ko biyu sai wasu sun nuna.