Tsananta hukunci bai hana harbi a Chicago ba

Duk sanda 'yan daba suka yi ɓarna a Kano, ko 'yan sara-suka a Bauchi, ko 'yan kalare a Gombe, magana ɗaya ake ji: a rataye biyu ko uku, sauran su shiga taitayinsu. Mu da ke zaune a Amurka mun ga inda wannan hanya ta ɓulle.

A nan doka ba ta da sassauci. Wanda aka kama da bindiga yana fataucin ƙwaya, dokar tarayya za ta ɗora masa aƙalla shekara 5 a kan hukuncin ƙwayar. In ya zare ta ya tsorata mutum, 7. In ya harba, 10. A jihohi da yawa, in mutum huɗu suka fita fashi ɗayansu ya yi kisa, har mai tuƙa motar za a tuhuma da kisan kai. Duk da haka, a 2021 an kashe kusan mutum 800 a Chicago kaɗai, akasari da bindiga, a unguwannin kudu da yammacin birnin.

Yaro ɗan shekara 17 ba ya lissafin shekarun gidan yari. Abin da yake dubawa shi ne ko za a kama shi, kuma a yawancin harbin da ba a rasa rai ba, ba a kama kowa. Shaidu na tsoron buɗe baki, don gobe a layi ɗaya za su kwana da wanda suka tona wa asiri. Sai wanda aka harba ya ɗauki fansa da hannunsa, ramuwa ta haifi ramuwa. Jama'a kuma da sun ji an ce rikicin 'yan ƙungiya ne sai su kau da kai, kamar yadda muke cewa a gida "ai 'yan daba ne suka kashe junansu". Wannan magana tana ƙona mini rai. Wanda ya mutu ɗan wani ne, harsashi kuma ba ya tambayar wa ke zaune a ƙofar gida.

Bindigar fa? Wani mai tsabtataccen suna ake ba kuɗi ya shiga shago, sau da yawa a maƙwabciyar jihar Indiana, ya cike takarda da sunansa ya miƙa wa yara. Sai a 2022 aka yi dokar tarayya ta musamman a kan wannan, mai ɗaurin da ya kai shekara 15. Mu a gida, mai sayen adda da ƙwaya lokacin zaɓe shi ne mai zuwa beli.

Abin da ya yi aiki a Boston aka gan shi, a 1996. Bincike ya nuna 'yan ƙungiyoyin ba su wuce kashi 1 cikin 100 na matasan birnin ba, amma suna da hannu a kusan kashi 60 na kisan matasa. Sai aka tara su gaba da gaba da 'yan sanda da masu gabatar da ƙara da malaman coci. Aka ce musu: duk ƙungiyar da ta sake harbi, kowa a cikinta za a bi shi da duk laifin da ke kansa, mai son fita kuma ga sana'a. Kisan matasa ya ragu da kusan kashi 63. Da aka yi sakaci da shirin, harbi ya dawo.

Dokar Nijeriya ta riga ta tanadi kisa ga ɗan fashi da makami, gwamnoni ne ba kasafai suke sa hannu ba. Abin da muka rasa shi ne kamun da ba a saki da wayar wani babba, da kariya ga shaida. Mai unguwa ya san yaran da sunayensu, limami ya san iyayensu. A zaunar da su tare da DPO da uwar wanda aka kashe tun yaran na riƙe da adda, kafin bindigogin da ke dazukan Zamfara su shigo lunguna.