Wai mu ba ma son daji

Wata dattijuwar baturiya ce ta sosa min rai a cikin dajin Yosemite da ke jihar Kalifoniya, duk da na san ba da wata manufa ta yi maganar ba. A saman dutsen da kogin Merced yake zubowa muka haɗu, wurin da suke kira Nevada, ruwa yana faɗowa kusan mita 180 da ƙara kamar aradu. Shekarunta za su haura sittin, ga ƙatuwar jaka goye a baya, tanti da bargo ɗaure a ƙasanta, sanduna biyu a hannu, kuma ita kaɗai ƙwal. Da ta ji daga Najeriya nake sai ta ce ba ta cika ganin 'yan Afirka a irin wannan tafiya ba, ko dai mu ba ma son daji ne?

Bari in faɗa muku yadda abin nasu yake tukuna. Ba haka kawai za ka saɓi jaka ka shige ba, sai ka nemi takardar izini ta intanet watanni kafin ranar, don kowace hanya akwai adadin mutanen da ake bari su shiga a rana, wani lokacin ma sai an yi ƙuri'a. Duk abin da za ka ci na kwanakin a bayanka yake, kuma dole ka zuba shi cikin wani tulun roba mai tauri da murfi mai kulle saboda beyar, wata ƙatuwar dabba mai gashi da hancinta ke jiyo abinci daga nesa. Har man goge baki da sabulu a ciki suke kwana, ka ajiye tulun can nesa da tantinka. In za ka kewaya sai ka haƙa rami nesa da ruwa ka binne, takardar da ka yi amfani da ita kuma ka dawo da ita gari a leda. Ruwan sha daga kogi ake ɗiba a tace da ɗan matace na hannu, da shi na yi alwalar asuba yatsuna suka ƙandare don sanyi. Ma'aikacin gandun dajin zai iya tare ka a tsakiyar duwatsu ya ce nuna takarda, nuna tulu. Tun 1890 wurin yake hannun gwamnatin tarayya a matsayin gandu, kuma gaskiya tsarin ya burge ni, ko bawon alawa ban gani a ƙasa ba.

Amma a ce mu ba ma son daji? Haba. Bafulatanin da ke kora shanu daga Zamfara har bakin Binuwai da sanda da goran ruwa, ba taswira ba waya, wa zai koya masa kwana a daji? Maharbanmu fa, da matan da ke sammako tsintar kaɗanya da ɗorawa? Su Turawa sai sun kashe ɗaruruwan daloli a kan takalmi da tanti kafin su yi abin da yaron ƙauye yake yi kullum. Kuma wannan dajin da suke yabo wai babu kowa a ciki, ai da mutanensa, 'yan asalin ƙasar ne aka far wa da bindiga a 1851, ragowar ƙauyensu na cikin kwarin Yosemite ma sai a 1969 aka rushe shi. Wannan ba su cika son a tuna ba.

To amma abin da ya hana ni barci a tanti daren nan ba tarihinsu ba ne. Matar nan za ta kwana ita kaɗai, tafiyar yini daga titi, abin da take tsoro kawai kar dabba ta cinye mata abinci. Mu ma fa muna da gandaye, Yankari tun 1956 aka keɓe shi, duk wanda ya taɓa wanka a ruwan ɗumin Wikki ya san abin da nake faɗa, ga Gashaka Gumti ga Falgore ga Kamuku a Birnin Gwari. Sambisa kanta gandun namun daji ce a da, yau ambaci sunanta ka ga fuskar mutane.

Kawuna a gefen Kamuku yake. Muna yara in mun je hutu shi ke shiga da mu daji neman zuma, mu dawo bayan la'asar ba wanda ya damu. Da na kira shi na ba shi labarin tafiyata sai ya ce, "Ɗana, kai da ƙafarka ka shiga daji ka kwana, kuma ba wanda ya nemi kuɗin fansa?" Gonarsa ta gado ta daɗe ba ta ga garma ba, ɗan filin bayan gari yake aro ya shuka masara, shi ma da fargaba. Mutumin da ya san kowace bishiya da sunanta yanzu itacen girki saye yake a kasuwa, kuma har yau ban ji wani mai mulki ya faɗa masa ranar da zai koma gonarsa ba.