Ya shaƙi hayaƙin Legas, an binne shi a Arewa, ba wanda ya rubuta

Duk Bahaushen da ya daɗe a Legas ya san irin motar da nake nufi. Doguwar motar nan ce da ke tashi da yamma daga Agege ko Alaba Rago, a kujerar baya an jingine wani cikin bargo, ƙanensa na rungume da ledar magani. In ka tambaya sai a ce maka, "Jikin ne ya ƙi, gida za mu kai shi." Bara ni ma na tsaya a bakin irin wannan mota. Kawuna ne a ciki, wanda ya haura shekara 20 yana sana'ar bola jari. Aikinsa ya sayi tsofaffin wayoyin lantarki, ya tara su tsibi guda, ya cinna musu wuta robar ta narke jan ƙarfen ya fito. Tari ya fara, aka ce sanyi ne. Ya shiga rama, aka ce shawara ce, aka jiƙa masa sassaƙe. Na ce, "Kawu, ka bari a ɗauki hoton ƙirjin nan kafin ka tafi." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, kuɗin hoton ai shi ne kuɗin mota. Gara ta same ni a gaban iyalina." Bai cika wata uku ba Allah ya yi masa rasuwa. Babu likitan da ya rubuta sunan ciwon da ya ɗauke shi, a Legas ko a gida.

Shi nake tunawa duk lokacin da na ga ana ta yaɗa labarin cewa ƙirƙirarriyar basira ta kusa gama da ciwon daji. Labarin ba ƙarya ba ne, kada a ce na raina ilimi. A ƙasar Suwidin an yi gwaji da mata kimanin 80,000 da suka je hoton nono, aka raba su gida biyu: rabi likitoci biyu suka duba hotonsu kamar yadda aka saba, rabi kuma da taimakon na'ura mai ƙirƙirarriyar basira. Sakamakon da aka fitar a 2023 ya nuna ɓangaren na'ura ya gano sankara 244, ɗaya ɓangaren 203, aikin karanta hoto kuma ya ragu wa likitoci da kashi 44 cikin 100. Ƙasa irin tamu, inda ƙwararrun masu karanta hoto da masu duba tsoka a madubin likita ba su taka kara sun karya ba, kuma waɗanda ake da su kullum suna neman hanyar Ingila da Saudiyya, ba za ta yi wasa da irin wannan abu ba.

Sai dai a fahimci yadda na'urar ke samun wannan wayon. Ba a koya mata likitanci. Hotuna ake ɗura mata dubbai, kowanne da amsarsa a jiki: wannan daji ne, wannan ba shi ba ne. Daga nan take tsintar kamanni da kanta. A 2017 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka sun horar da wata da hoton fata kusan 130,000, ta yi kafaɗa da kafaɗa da likitocin fata 21. Daga baya aka lura da wani abin dariya a irin wannan aiki: likitoci kan ajiye rula a gefen tabon da suke zargi kafin su ɗauki hoto, sai na'ura ta koyi cewa ganin rula alamar daji ne. Abin da aka ba ta shi ta haddace, kamar almajirin da ya riƙe allonsa tsaf amma bai taɓa ganin na wani ba. Haka kamfanin Google ya kai wata na'urar duba idon masu ciwon suga asibitocin Tailan. A ɗakin gwaji ba ta da na biyu, amma a asibitin gaske ta ƙi karɓar wajen kashi ɗaya cikin biyar na hotunan, saboda hasken ɗakunan bai yi mata ba, intanet kuma na tafiyar hawainiya. Wanda ya san asibitocinmu da ɗaukewar wuta ba sai an ƙara masa bayani ba.

To ina hoton Kawu a cikin dubban nan? Babu. Kuma ba hotonsa kaɗai ya ɓace ba.

Mu koma ga iskar da muke shaƙa. Tun 2012 hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sa hayaƙin dizal a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji, a 2013 ta ƙara da gurɓatacciyar iskar gari gaba ɗaya. Bankin Duniya ya yi wa Legas lissafi na shekarar 2018: ƙurar nan mai laushi da ido ba ya gani, wadda ke kutsawa har can cikin huhu, ta kai ma'auni 68, alhali iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya a lokacin 10 ce, kuma a 2021 ta rage ta zuwa 5. Rahoton ya ƙiyasta mutum kimanin 11,200 da gurɓatar iskar ta kashe kafin lokaci a wannan shekarar, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Shekarar ce kuma bolar Olusosun ta kama da wuta, hayaƙi ya turnuƙe Ojota kwana da kwanaki. Wanda ke bin gadar Third Mainland ya san hayaƙin ƙurar katako da ya daɗe yana tashi daga Oko-Baba. Gaskiya a faɗe ta, akasarin waɗancan mace-macen na ciwon huhu ne da na zuciya, ba na daji ba. Daji ba ya gaggawa. Shekara 15, 20 yake ɗauka kafin ya nuna kansa, kuma a nan gizo ke saƙa.

A 2023 wata tawaga a cibiyar Francis Crick da ke Landan, ƙarƙashin Farfesa Charles Swanton, ta bayyana yadda ƙurar ke jawo dajin huhu ga wanda bai taɓa shan taba ba. Ashe a huhun mutane masu lafiya ma akwai 'yan ƙwayoyin da suka riga suka sami tangarɗa, suna kwance ba sa cutar da kowa. Kumburin da ƙurar ke haddasawa shi ke tashin su daga barci. Don tabbatar da alaƙar sun duba alƙaluman Ingila da Koriya ta Kudu da Taiwan, ƙasashen da aka san inda kowane majinyaci ya zauna da irin iskar da ya shaƙa. Da irin wannan bincike ake haɗa hayaƙi da ciwo, kuma a irinsa na'ura ta fi amfani, domin ita ke iya tankaɗe bayanan miliyoyin mutane ta fito da abin da idon ɗan Adam ba zai hango ba.

Yanzu a dubi mutanenmu. Su waye ke tsaye a tsakiyar hayaƙin Legas? Ɗan acaba da ya yi shekaru hancinsa a bakin salansar tirela a hanyar Apapa. Mai suya da ke kan garwashi daga magariba har tsakar dare. Mai gadi da ɗakinsa ke manne da janareta. Mai babbakar ganda da tsohuwar taya. Ɗan bola jari irin Kawu. Su suka fi kowa shaƙa, su ne kuma in ciwo ya kama su suke hawa mota. Hayaƙin yana Legas, kabarin yana Katsina ko Jigawa ko Maraɗi. In ma an dace ya je asibiti a Kano ko Zariya, katinsa zai ce manomi ne daga ƙauye kaza, domin abin da ya koma ke nan. Ranar da aka ɗura wa na'ura bayanan Legas za ta ce masu ƙona waya ba sa kamuwa da daji, tunda ba ta ga ko ɗaya a asibiti ba. Ranar da aka ɗura mata na Arewa za ta ce noma na da haɗari ga huhu. Duka biyun kuskure ne, kuma za ta faɗe su da cikakken tabbaci, da alƙaluma da zane mai launi.

Ba yau aka fara rajistar masu ciwon daji a ƙasar nan ba. Ta Ibadan tun 1960 take, tana cikin mafiya daɗewa a Afirka. Amma rajista wanda ya iso asibiti aka yanki tsokarsa aka gwada take kamawa. Shi ya sa adadin da ake ambato, sabbin kamuwa kimanin 125,000 da mutuwa kimanin 79,000 a Najeriya a 2020, ƙiyasi ne da aka gina a kan 'yan rajistocin da ake da su. Amfanin ƙirga namu da kanmu kuwa an riga an gan shi. Farfesa Olufunmilayo Olopade, wadda ta yi karatun likita a Ibadan kafin ta koma Jami'ar Shikago, ta shafe shekaru tana nazarin sankarar mama a matan Najeriya. Aikinta da na abokan aikinta ya nuna cewa a Afirka ta Yamma ciwon kan kama mata da ƙuruciyarsu fiye da na Turai, kuma da yawansa irin wanda ba ya jin maganin da ke toshe sinadarin jikin mace ne. Na'urar da ta yi karatunta a kan matan Suwidin ba ta zo da wannan sani ba, sai an koya mata a nan.

Na san abin da wasu za su ce, domin an faɗa min a majalisa bayan sallar isha'i: "Malam, mu ba mu yarda a riƙa rubuta mu ba." Ba zan ce tsoron banza ba ne. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kimanin 200, wajen rabinsu aka ba shi, rabi wani maganin, 11 daga cikin yaran suka rasu, aka yi ta shari'a shekara da shekaru. Tabon bai warke ba, shi ya taimaka wajen ƙin rigakafin shan inna a 2003, kuma inuwarsa ta sake faɗowa lokacin da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin sankarar bakin mahaifa a watan Oktoban 2023. Ga kuma ɗan cirani a Legas, wanda duk rubutun da aka taɓa yi masa na kama babur ne ko na rushe rumfa. Amma ƙin shiga lissafi bai taɓa hana hayaƙi shiga huhu ba. Abin da ya hana shi ne a san da mu ranar rabon injin gwaji da magani. Abin nema shi ne sharaɗi: a yi wa mutum bayani da Hausa, ya amince da bakinsa, a ɓoye sunansa, sakamakon kuma a dawo a faɗa masa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba mu madogara, in har mun san da ita.

Abin da nake nema bai kai tsadar kwamfuta ɗaya daga cikin waɗanda ake horar da na'urorin nan da su ba. Layi biyu ne a katin asibiti, daga Legas har Sakkwato: wace sana'a ka yi, a ina, shekara nawa. Sai 'yan na'urorin awon iska masu araha, irin waɗanda Jami'ar Makerere ta Yuganda ta baza a Kampala tana gyara awonsu da koyon na'ura, a kafa su inda ake babbaka da ƙona waya da layin tireloli, ba a unguwannin masu shuke-shuke kaɗai ba. Ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa da fadojin sarakunan Hausawa, da ke iya tara kuɗin motar majinyaci cikin awa guda, za su iya tara na gwaji kafin a kai ga motar.  

Abin da ya fi ci min rai shi ne kusancin. A Idi-Araba, unguwar da Hausawa suka yi kaka-gida tun kafin a haifi yawancinmu, nan asibitin koyarwa na Jami'ar Legas yake, kuma a cikinsa aka buɗe cibiyar jinyar daji ta zamani a 2019, da injinan gashi irin waɗanda mutane ke tafiya Indiya da Masar dominsu. Daga Inugu da Fatakwal ake zuwa. Kawu ya sha wucewa ta bakin ƙofar da kurarsa cike da wayoyi, yana neman inda zai cinna musu wuta kafin rana ta faɗi.