Ayar Yasin da takardar cikin safa

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa, musamman ɗalibanmu na jami'a da iyayensu.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan La'asar, wani matashi ya tsaya jirana a ƙofar masallacin unguwarmu a nan Gombe. Tun yana Islamiyya na san shi, yaro ne mai ladabi, yanzu yana aji uku a wata jami'a. Ya durƙusa ya gaishe ni, yana ta murza hularsa a hannu, can ya ce, "Malam, wai da gaske ne in mutum ya karanta ayar nan ta Yasin, waja'alna min baini aidihim saddan, mai sa ido ba zai gan shi ba?" Na ce, ba zai gan ka kana me ba? Ya sunkuyar da kai. Ashe wata 'yar takarda ya cika da rubutu mitsi-mitsi kamar sawun tururuwa, ranar Litinin zai cusa ta cikin safa ya shiga jarrabawa da ita.

Dariya ta so kama ni, tausayi ya danne ta. Yaron nan bai manta da Allah ba, so yake Allah Ya rufe idon bawa don shi ya samu ya saɓa Masa. Sai na tuna aya ta 108 a Suratun Nisa'i: suna ɓoyewa daga mutane, ba sa ɓoyewa daga Allah, alhali Yana tare da su.

Muka zauna a tabarma na ce ya ba ni labari. Ba rago ba ne. Kwas ɗaya ya faɗi sau biyu, in ya sake faɗuwa shekara za ta ƙaru. Mahaifinsa manomi ne, wake da masara yake sayarwa ya biya masa rajista, kuma tun yana sakandare ake kiransa Injiniya a gida. Ya ce, "Malam, da wane baki zan gaya masa?" A nan ciwon yake. Abin da yake tsoro ya fi faɗuwar kanta: idon uba ne, da bakin 'yan unguwa, da hoton abokai sanye da kakin bautar ƙasa shi yana gida. Wani kuma shekaru yake ƙirgawa, don wanda ya haura 30 kafin ya gama, takardar yafewa ake ba shi maimakon bautar ƙasa. Wani maki 3.50 yake kallo, iyakar da ta raba digiri mai daraja ta biyu babba da ƙarama, domin ya ga yadda masu ɗaukar aiki ke tace takardu da ita. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da bambanta mai karatu don ya iya da mai karatu don a ga makinsa, kuma sun lura na biyun ya fi saurin miƙa hannu ga satar amsa. Mu a wajenmu ba baƙon zance ba ne, babin niyya ne, hadisin farko da ake biya wa yara.

Amma tsoro shi kaɗai ba ya sa ɗan kirki ya yi sata. Sai zuciya ta ba shi fatawa tukuna. A 1957 wasu masana biyu a Amurka, Gresham Sykes da David Matza, sun yi nazarin yadda matasa masu laifi ke lallashin kansu kafin su aikata, suka jero dabaru biyar. Duk na ji su a bakin ɗalibanmu da Hausa tsantsa. "Ba laifina ba ne, lakcaran sau uku ya shigo aji." "Wa na cuta?" "Ai mugu ne, da gangan yake kayar da mutane." "Su ma manyan ta yaya suka samu nasu?" "Abokina ne, ba zan bar shi ya faɗi ba." Wasu daga cikin koke-koken gaskiya ne, ban musa ba, akwai malaman da za su amsa tambaya gaban Allah kan amanar aji. Sai dai Alƙur'ani ya riga ya tare wannan hanya a Suratul Ƙiyama: mutum shaida ne a kan kansa, ko da ya jero uzurorinsa. In da gaske zuciyarka ta yarda halal ne, me ya sa ka zaɓi safa? Hadisin Nawwas bin Sam'an a Muslim ya ce zunubi shi ne abin da ya sosa maka ƙirji, ka ƙi mutane su gani.

Uzurin da ya fi kowanne dafi shi ne "kowa na yi". Donald McCabe da Linda Treviño sun tambayi ɗalibai fiye da 6,000 a manyan makarantu 31 na Amurka, sakamakon ya fito a 1993, kuma abin da ya fi jan ɗalibi ga maguɗi shi ne ganin da yake wa abokansa suna yi. Zama da maɗaukin kanwa ke nan. A nan gida kuma kara ta ƙara wa abin nauyi. Yarinya ta kwana tana karatu, ta rufe takardarta, a fito a ce mata mai baƙin ciki. Gobe sai ta karkata takardar don a zauna lafiya. 'Yata, ayar Ma'ida da ta ce a taimaki juna kan alheri, ita ce ta hana taimakon juna kan zunubi. Taimakon ƙawarki sati biyu kafin jarrabawa ake yin sa, ki zaunar da ita ki koya mata.

Duk Bagombe ya san kasuwar Tudun Hatsi, ya kuma san abin da ake ce wa mai zuba tsabar kirki a bakin buhu, ruɓaɓɓiya a ƙasa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya sa hannu ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne. Ya ce me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani? Wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Takardar digiri buhu ce. Mai saye ita ce matar da za a yi wa allura, da yaran da za a ba ka ka koyar, da mutanen da za su kwana a ginin da ka sa wa hannu. Akwai dokar hukunta maguɗin jarrabawa tun 1999, jami'o'i ma suna kora, amma hannu kawai suke iya kamawa.

Iyaye, ku ma ku tsaya. Wanda ya biya kuɗi aka kai ɗansa makarantar da ake rubuta amsar WAEC ko NECO a allo, shi ya fara biya masa wannan karatun. Wanda kuma ba a iya kawo masa labarin faɗuwa sai gida ya kama da wuta, ya koya wa ɗansa ɓoyewa.

Shi dai matashin nan na ce masa ayar Yasin ba ta wannan aiki ba ce. Na koya masa Allahumma la sahla illa ma ja'altahu sahla, na ce ya nemi tambayoyin shekarun baya da wanda ya iya kwas ɗin a ajinsu, kwana biyu ma lokaci ne. Sannan na ce ya kira mahaifinsa a gabana ya faɗa masa halin da ake ciki. Ya daɗe yana kallon wayar. Sai bayan Magariba ya ajiye takardar a kan tabarma ya kira. Dattijon ya yi shiru har muka zaci layin ya yanke, can ya ce, "To, in shekarar ta ƙaru, nawa ne kuɗin rajistar?"