Yadda Na Wanke Dukiyar Gidanmu da Lemun Tsami

Gab da saukar damina Hajiya ta sa ni in kwashe tarkacen ɗakin ajiya domin a gyara rufinsa, kuma a ƙasan tsohuwar adakar marigayi Baba na ci karo da wani gwangwanin alewa wanda nauyinsa ya fi ƙarfin alewa. Da na ɓalle murfin sai na tarar da kwabbai a naɗe cikin takarda, irin mai huda a tsakiya, da tauraro mai kusurwa shida a gefe guda, da kambi da sunan Sarauniya Elizabeth a ɗaya gefen, kowane ɗauke da shekarar 1959. Na ƙirga sau biyu na sami 720. Tun da kwabo goma sha biyu ne sule, sule ashirin kuma fam, abin ya kama fam uku cif, wato canjin da Baba ya karɓo daga banki don kantinsa ya manta da shi har naira ta shigo a 1973. Ba su taɓa shiga hannun mai ƙosai ba, ba su taɓa kwana a lalitar kowa ba.

Ɗan yayata, wanda ke jami'a, shi ya kunna mini wutar. Ya duba wayarsa ya ce, "Kawu, akwai wani kwabon Amurka na 1943 da aka sayar a kan fiye da dala miliyan ɗaya." Ya ci gaba da bayanin cewa a wannan shekara Amurka ta buga kwabbanta da ƙarfe saboda yaƙi ya cinye jan ƙarfe, sai 'yan ƙalilan aka buga da jan ƙarfen bisa kuskure, kuma ƙarancinsu ne ya jawo tsadar. Wannan sashe na bayanin bai shiga kunnena ba, domin tun daga kalmar miliyan na tafi lissafi, har na riga na biya wa Hajiya kujerar Umara.

Da daddare na lura cewa wasu daga cikinsu sun ɗan yi duhu, kuma na ga bai dace a kai wa Bature kaya da dauɗa ba. Na nemo toka da soso da lemun tsami, na zauna a tsakar gida ina dirza ɗaya bayan ɗaya har ƙarfe biyun dare. Mai ɗakina ta leƙo ta ce, "Maigida, shekara ashirin muna tare, tukwanena ba su taɓa samun irin wannan gata ba." Ban tanka mata ba. Kafin barci ya ci ƙarfina na gama da ɗari uku, suna walƙiya kamar haƙorin Makka.

Washegari yaron ya dawo da ilimin tantancewa. Ashe masu tara tsabar kuɗi suna da ma'auni daga 1 zuwa 70, wanda wani Ba'amurke mai suna William Sheldon ya fito da shi a 1949, kuma duk kwabon da bai taɓa yawo a kasuwa ba yana faɗawa tsakanin 60 da 70. Abin da ke raba su shi ne ƙananan tabon da suke yi wa juna a cikin jaka, da kyawun bugu, da wani sheƙi na asali da ke juyawa idan an karkata kwabon a ƙarƙashin fitila. Na jan ƙarfe kuma har launinsa ake dubawa: wanda ya riƙe jansa na ranar bugu shi ne sarki, mai sirkin ja da duhu yana biye, wanda ya koma ruwan ƙasa yana ƙarshe. Ba a kama shi sai ta baki-baki, domin gumin yatsa yana cin ƙarfen ya bar shaidar da ba ta gogewa.

Na ɗauki aikin da gaske. Na aro gilashin mai gyaran agogon unguwarmu, na zura safar ƙafa a hannuwana tun da ba ni da ta hannu, na jera faya-fayi huɗu a kan tabarma. Matsalar ita ce kwabon da na ba maki 65 da safe, idan na sake dubansa bayan la'asar sai ya koma 62, wanda na yar a faifan banza kuma ya dawo yana yi mini kyau. Kwana uku ina wannan safa da marwa, ido ɗaya a kanne, har maƙwabcina ya tambaye ni ko ciwon ido nake yi.

A rana ta huɗu na fito wa yaron da ɗari ukun nan da na ɓoye, waɗanda a zuciyata na riga na ba su 70 baki ɗaya. Ya ɗaga ɗaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, "Kawu, ba dai wanke su ka yi ba?" Nan na ji cewa kwabon da aka goge ko maki ba a ba shi, sai dai a rubuta cewa an wanke shi, saboda toka tana barin ƙananan zane, tsami kuma yana cinye sheƙin asalin da ake saye. Garin neman gira na rasa ido. Sauran ma, in ji shi, kuɗin aika kowane ɗaya Amurka a tantance shi ya ninka abin da za a saye shi.

Duk da haka na ɗebi samfur na tafi Kasuwar Kurmi wajen wani dattijo mai sayar da kayan tarihi. Ya yaba waɗanda ban taɓa ba, ya ce sun fi nasa kyau, sannan ya jawo wani kwano cike da irinsu ya ajiye a gabana. Ya ce miliyoyinsu aka buga, kuma mai saye guda ɗaya ko biyu yake ɗauka, shi ma sai an yi wata ba a gan shi ba. Abin da ya taya gwangwanin duka bai kai kuɗin buhun gawayi ba.

Kafin in iso gida zancen miliyan ya riga ya karaɗe dangi, na tarar 'yan'uwa sun hallara ana jiran rabon gado. Aka fitar wa Hajiya tumuninta, kwabo 90, mu maza uku kowa ya tashi da 140, mata uku kowace 70. Babban yayanmu ya yanke hukunci, ba tare da kowa ya ja ba, cewa nawa kason daga cikin wankakkun za a ɗiba, tun da ni na san darajarsu.

Ina zaune da su a faifai sai kafintan da ke gyaran rufin ya sauko shan ruwa. Ya ɗauki ɗaya, ya zura ƙusa a hudar, ya ce, "Alhaji, ai wannan daidai yake da kan ƙusar kwano, ba zai bari ta huda ta zarce ba." Na ba shi sittin. Suna can saman ɗakin ajiya yanzu, kuma tun ruwan farko suka koma ruwan ƙasa.