Bakano Ya Ɗaura Burtu

An gama girbi, hunturu ya kankama, ciyawa ta bushe, saura mako biyu a buga gangar farauta. A ƙofar gidan Sarkin Baka ana ta wasa kibau, ana dafa dafin kwankwani a wani tsohon kasko, sai ga Bakano cikin sabuwar shadda, Bazazzagi yana biye da shi da bindigar toka a kafaɗa.

Bakano: Allah ya ja zamanin Sarkin Baka. Na zo ne a koya mini farauta cikin gaggawa, domin na riga na karɓi kafin alƙalami na fatar ɓauna biyu a hannun wani baduku a Kasuwar Kurmi, na kuma yi masa alkawarin kai kaya kafin ruwan farko ya sauka.

Sarkin Baka: Alhaji, ka taɓa ganin ɓauna kuwa?

Bakano: Na gan ta a jikin kalanda, kuma a fahimtata saniya ce wadda ba ta samu tarbiyya ba.

Bazazzagi: Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri da wannan bawa nawa. Ni kuwa mako uku ke nan ina shiri, har na haddace kirarina tun daga farko zuwa ƙarshe, maƙwabta ma sun kai ƙarata wurin mai unguwa saboda kuwwar da nake yi da asuba.

Sarkin Baka: Madalla. Sau nawa ka harba bindigar a cikin makonni ukun?

Bazazzagi: Albarushi ya yi tsada, ranka ya daɗe, shi kuwa kirari kyauta ne.

Sarkin Baka ya sa aka kifa ƙwarya a kan kututture, tafiyar taki talatin. Bazazzagi ya ɗura albarushi ta bakin bindiga, ya bi shi da guntayen ƙarfe, ya daddanna da sanda, ya rufe idanunsa duka biyu, ya ja kunama. Da hayaƙi ya washe, ƙwarya tana nan daram, amma tulun uwargidan Sarki ya zama tsingaro.

Bazazzagi: Ai da gangan na yi, domin wanda zai iya samun abin da bai auna ba, ina ga abin da ya auna?

Sarkin Baka: Za ka yi wa mai tulun wannan bayani da bakinka. Kai kuma Alhaji, tuɓe shaddar nan, domin ƙararta kaɗai za ta kori kowace gada tun daga nan har dajin Falgore. Ga burtu, ɗaura shi a goshi.

Aka miƙo masa kan burtu na itace wanda aka lulluɓe da fata, aka ƙawata shi da jajayen ƙwayoyin idon zakara.

Sarkin Baka: Barewa da gwanki sun saba kiwo tare da wannan tsuntsu, ba sa gudunsa. Saboda haka za ka lulluɓa baƙin zane, ka durƙusa, ka riƙa tafiya sannu a hankali kana caccakar ƙasa kamar mai neman fara, amma kafin ka ɗaga ƙafa sai ka watsa ɗan toka ka ga inda iska ta nufa, domin idan ta kai musu warinka, duk wahalar gwiwarka ta tashi a banza.

Bakano: Wari kuma? Turaren da ke jikina daga Makka aka kawo mini shi.

Sarkin Baka: Shi nake nufi.

Bakano ya durƙusa da ƙyar, tumbi yana sharar ƙasa, ya nufi kajin gidan yana noƙe kai. Kajin ko kallonsa ba su yi ba. Karnukan farauta kuwa, waɗanda aka rage wa abinci kwana biyu don su yi zafin nama, sai suka ga tsuntsun da ba su taɓa ganin mai ƙibarsa ba. Kafin a ce kwabo, Alhaji yana kan reshen tsamiya, burtu ya juye ya koma ƙeya.

Bazazzagi: Ka tsaya cik, bawana, bari in harbe maka karnukan!

Bakano: Na haɗa ka da Allah, idan dole ne sai ka yi harbi, to ni za ka auna, ko na tsira da raina!

Sarkin Baka: Sauko, Alhaji, in gaya maka abin da ya kamata ka tambaya tun kafin ka karɓi kuɗin mutane. Dajin da za mu shiga, zomo ne da gafiya da fakara, sai gada idan an taki sa'a. Ɓauna sai ka je Yankari a Jihar Bauchi, wurin da aka keɓe wa namun daji tun 1956, inda ko danƙo aka kama ka da shi, masu gadin daji za su raka ka gaban alƙali.

Bakano ya yi shiru a kan reshe, yana lissafi da yatsu.

Bakano: Ranka ya daɗe, mutum nawa ne za su fita farautar nan?

Sarkin Baka: Idan 'yan ƙauyukan kewaye sun zo da 'yan tauri da makaɗa, za su haura ɗari biyu.

Bakano: Kuma a cikin dajin babu mai sayar da gurasa da ruwan sanyi? To, a rubuta sunana, amma a bar ni a wurin da ake ajiye motoci. Kai kuma bawana, jinginar da bindigar nan, kai ne za ka ɗauko mini tire.